Yadda zaka tsare haƙƙinka in kana aiki a Saudiyya, tun daga sa hannu a aƙad (kwantiragin aiki) har ranar huruj (fita daga ƙasar)

'Yan uwa masu aiki a ƙasar nan da igama, wato katin izinin zama, ko a Jidda kake ko Riyad ko Dammam ko can Jizan, abu na farko da zaka sa a ranka shine hukumar Saudiyya bata aiki da maganar baki. Abinda ejan ya faɗa maka a Kano ko Maraɗi kafin ka hau jirgi, da abinda kafili, wato wanda igamarka ke ƙarƙashinsa, ya rantse maka da shi yana dafa kafaɗarka yana ce maka ya akhi, duk ranar da rigima ta tashi babu wanda zai tambaye su, abinda za'a buɗe shine kwamfuta a ga me aka rubuta da sunanka. Toh shi yasa duk abinda zan faɗa anan ya ta'allaƙa ne akan yadda zaka tabbatar cewa abinda ke cikin kwamfutar nan yana goyon bayanka.

Fara da wayarka. Layin da kake amfani da shi ya zama da lambar igamarka aka yanke shi, ba na abokin ɗaki ba ba na mudir (manaja) ba, saboda duk saƙon hukuma ta nan yake shigowa. Ka buɗe Absher (manhajar hidimomin gwamnati) da kanka, ka sauke Nafath (manhajar tabbatar da cewa kai ne), sannan kayi rijista a Qiwa (shafin ma'aikatar ƙwadago) ɓangaren ma'aikata. Kuma dan Allah kar ka bawa kowa lambar sirrinka, ko mandub ne, wato wakilin kamfani, yace kawo in taimaka maka, ce masa ka gode ya nuna maka kai ka danna da hannunka. Mutane da yawa sun wayi gari an karɓi aƙad da sunansu wanda basu taɓa gani ba, ta wannan hanyar ce.

A Qiwa ɗin nan ne kamfani zai turo maka aƙad, kai kuma kana da damar ka karɓa ko ka ƙi. Kar kayi cinikin biri a sama. Dokar aiki ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2005 aka yi ta gyara ta har gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2025, tace aƙad ɗin baƙo dole ya zama rubutacce kuma mai wa'adi, in ma ba'a rubuta wa'adin ba ana ɗaukarsa shekara ɗaya ne daga ranar da ka fara aiki. Kuma in an rubuta shi da Larabci da wani yare gefe da gefe, na Larabcin ne ke aiki a kotu, saboda haka in Larabcinka na kasuwa ne irin namu na kam haza da mafi mushkila, nemi wanda yayi karatu ya karanta maka layi layi, ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura suna nan da yawa kuma basa ƙyashin taimako. Abinda zaka duba: albashin asali nawa ne, kuɗin gida da na mota an rubuta su ko kamfani ne zai bada masauki da bas (tun gyaran 2025 dole ne mai aiki, wato wanda ya ɗauke ka, ya bada su ko ya bada kuɗinsu), tsawon aƙad ɗin, kwana nawa ake so ka bada sanarwa in baka son sabuntawa, da kuma lokacin gwaji. Lokacin gwajin nan bai wuce kwana 180 gaba ɗaya, kuma sai in an rubuta shi a aƙad yake aiki. A cikinsa ana iya sallamarka babu ko sisin kuɗin sallama, toh ka san da haka.

In an ce maka riyal 2,000 a gida ka zo ka tarar da 1,200 a Qiwa, lokacin magana kenan, kafin ka danna amincewa. Bayan ka danna magana ta koma 1,200.

Sai maganar sana'ar da aka rubuta a igama. Doka ta hana a saka ka aikin da ba shine a takardar izinin aikinka ba, kuma kai ma an hana ka. Idan igama tace lebura kai kuma kana haɗa wayar wuta, ranar da masu bincike suka faɗo ko ranar da ka ji rauni za'a sha wahalar bayani. Matsa wa kamfani su canza maka sana'ar, kuma kuɗin canjin nasu ne. Wannan yana cikin sashe na 40 na dokar aiki wanda ya kamata kowa ya haddace shi: kuɗin ɗauko ka, kuɗin igama da na izinin aiki da sabunta su, tarar da ta biyo baya in sun yi jinkirin sabuntawa, kuɗin canza sana'a, bizar fita da dawowa, da tikitin komawa gida bayan aƙad ya ƙare, duk akan wanda ya ɗauke ka aiki suke. Duk wanda yake yankar albashinka wata wata da sunan kuɗin igama, haƙƙinka yake ci. Inshorar lafiya ma haka, shi zai yi maka, ba'a ma sabunta igama sai da ita. Fasfo kuwa naka ne, doka ta hana kafili ya riƙe shi, kuma in ya ƙi baka kana iya kai ƙara akan wannan kaɗai.

Nasan wani zai ce toh mu da muka sayi biza da kuɗinmu muke biyan kafili duk wata muna aikinmu a waje fa? Gaskiya ɗaya ce, wannan abin da ake kira firi biza babu shi a dokar ƙasar nan, sashe na 39 ya hana kayi wa wani aiki wanda ba mai igamarka ba kuma ya hana kayi aikin kanka. Ana yi, kowa ya san ana yi, amma ranar da aka kama ka tarhil ne, wato a kore ka zuwa gida, kuma in wanda kayi wa aikin ya cinye maka kuɗi baka da bakin zuwa maktab amal, wato ofishin ƙwadago, saboda kai ma a bisa laifi kake. In kana cikin wannan halin ka nemi kamfani na gaske da zai ɗauke ka a mayar da igamarka can, ko da albashin bai kai abinda kake samu a buga-buga ba.

Albashi ta banki ake biya, wannan ba alfarma bace, akwai tsarin kare albashi da kamfanoni ke loda bayanan biyansu ta shafin Mudad kuma ma'aikatar ƙwadago tana gani. Amfaninsa gare ka shine bayanin asusunka ya zama shaida. Akwai wata dabara da wasu ƙananan kamfanoni keyi, su tura maka cikakken albashi a banki sannan foman ya bi ka har injin cire kuɗi ka ciro wani kaso ka mayar musu a hannu, ko ma su riƙe katin bankin naka gaba ɗaya. Wallahi in ka yarda da wannan ka yanka kanka, don a takarda an biya ka tsaf. Haka in an kawo maka takarda ka sa hannu cewa ka karɓi albashin watan da baka karɓa ba, kar ka sa, ko da sun ce ai don a gyara fayil ne kawai. Tara ma tana da iyaka, ba'a yankar maka fiye da ladan kwana biyar a wata ɗaya da sunan hukunci.

Awannin aiki takwas ne a rana ko 48 a sati, a Ramadan kuma Musulmi awa shida a rana ko 36 a sati. Ba'a sa ka kayi awa biyar a jere ba tare da hutun akalla rabin awa na sallah da cin abinci ba. Hutun sati awa 24 cur da albashinsa, asalinsa Juma'a ce amma kamfani na iya musanya maka da wata rana. Duk abinda ya haura wannan idafi ne, wato aikin ƙarin lokaci, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: ladan awarka da ƙarin rabin ladan awa na albashin asali. Ace albashinka 2,400 ne kuma duka asali ne, rana ɗaya 80 kenan, awa ɗaya riyal 10, toh awar idafi 15 ce. Aikin ranar Idi da ranar hutu duk idafi ne. Yanzu doka ta yarda a baka hutu a madadin kuɗin idafi amma sai da yardarka. Ka samu ɗan littafi ko ka buɗe wani waje a wayarka kana rubuta ƙarfe nawa ka shiga ƙarfe nawa ka fita, in akwai takardar sa hannu ta shiga da fita ka riƙa ɗaukarta hoto, saboda idafi shine abinda yafi wuyar tabbatarwa a gaban alƙali, mai aiki zai ce bai taɓa sa ka ba kuma kai ne zaka kawo hujja.

Hutun shekara kwana 21 ne da albashi, in ka cika shekara biyar a jere a wuri ɗaya ya koma 30, kuma wanda baka ci ba ana biyanka kuɗinsa ranar rabuwa. Rashin lafiya da takardar likita: kwana 30 na farko cikakken albashi, 60 na gaba kashi uku cikin huɗu, 30 na ƙarshe babu albashi. Aure kwana biyar, haihuwa in matarka ta sauka kwana uku, rasuwar mata ko iyaye ko 'ya'ya kwana biyar, ɗan'uwa ko 'yar'uwa kwana uku. Mace mai aiki hutun haihuwarta sati 12 ne yanzu. Akwai kuma hutun Hajji wanda mutanenmu da yawa basu ma san da shi ba, kwana 10 zuwa 15 da albashi har da kwanakin babbar sallah a ciki, sau ɗaya, ga wanda ya shekara biyu a wurin kuma bai taɓa sauke farali ba. Amma hutun daban tasrihi (izinin Hajji) daban, kar ka ce ai ina da hutu ka kama hanyar Makka ta bayan duwatsu.

Yanzu maganar lafiyar jiki a wurin aiki, wadda a ganina mu Hausawa munfi kowa sakaci da ita saboda muna ganin ai kwana in bai ƙare ba ba abinda zai faru. Haka ne, amma ƙafar da ta karye kai zaka zauna da ita. Doka ta ɗora wa mai aiki ya sanar da kai haɗarin aikin tun kafin ka fara, ya baka kayan kariya, ya koya maka amfani da su, kuma bashi da ikon cire ko sisi daga albashinka saboda su. Hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, safar hannu, gilashin walda, abin toshe hanci na masu fenti da masu yankan tayil, da bel ɗin ɗaure jiki na masu hawa sama. Kai ma doka ta wajabta maka ka saka, in aka baka ka rataye a ƙusa laifin ya dawo kanka. Bel ɗin nan kuma ba ado bane, zaka ga mutum ya sa shi a jiki ya hau sakala, wato ƙarafan da ake takawa a gini, hawa huɗu amma ƙugiyar tana reto a bayansa bai maƙala ta a ko'ina ba, wai tana rage masa sauri. Masu aikin wuta kuma kar ka yarda da wani yace maka na kashe, je ka gani da idonka ka gwada da testa, in da hali ka sa kwaɗo a akwatin ka riƙe makullin a aljihunka. Masu shiga tankin ruwa ko ramin bayyara (ramin masai), kar ka taɓa shiga kai kaɗai babu mutum a sama, iskar ciki tana kayar da mutum kafin ya iya kiran kowa, kuma wanda ya faɗa don ya ceto shi sau da yawa shima can yake zama.

Zafi kuma an yi masa doka ta musamman. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba kowace shekara an hana aiki a ƙarƙashin rana daga 12 na rana zuwa 3 na yamma, banda wasu kaɗan irin ma'aikatan man fetur da gas da masu gyaran gaggawa, su ma sai an yi musu tanadin kariya. In foman ya tsaya kai da fata sai kun yi, ɗauki hoto ko bidiyo da zai nuna lokaci da wurin, ka kira 19911 wato layin ma'aikatar ƙwadago, ko ka tura rahoto ta manhajarsu. Mu da muka taso a zafin Sakkwato da Maiduguri muna ganin mun saba, amma zafin Jidda da Dammam da ɗanshin teku yake haɗuwa, gumi baya bushewa jiki baya hucewa. In ka ga abokin aikinka ya fara magana ba kan gado, ko yana layi, ko jikinsa yayi zafi rau gumi ya ɗauke, ba aljanu bane, ja shi inuwa ku cire masa kaya masu nauyi ku kwarara masa ruwa kuna fifita, wani ya kira 997 motar asibiti ta Hilal Ahmar. Gobara 998 ne.

In rauni ya faru, ga yadda zaka yi. Kowane baƙo mai aiki a kamfani dole a yi masa rijista a GOSI, wato ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata, ɓangaren haɗarin aiki, mai aiki ne ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashinka kai baka biyan komai. Shiga manhajarsu tun kana lafiya ka duba sunanka yana ciki kuma albashin da aka rubuta shine na gaskiya, saboda da wannan adadin za'a yi lissafin diyya, wasu kamfanonin suna rubuta ƙaramin albashi don su rage abinda suke biya. Da ka ji rauni ka sanar da mai aiki cikin kwana bakwai, kuma kayi shi a rubuce ko saƙon WhatsApp ne, shi kuma yana da kwana uku ya sanar da GOSI. A asibiti ka faɗi gaskiya cewa a wurin aiki ne. Anan ake cutar mutane sosai, mudir zai raka ka asibiti yana lallashi yana cewa kace a gida ka faɗi mu zamu ɗauki nauyin komai, saboda baya son a rubuta wa kamfaninsa haɗari, kai kuma don kunya ka yarda, bayan wata biyu ƙafa bata warke ba sun gaji da kai kuma fayil ɗin asibiti yace a banɗaki ka zame. Alhali in an rubuta shi raunin aiki ne GOSI zata ɗauki magani, ta biya ka kuɗin kwanakin da kake kwance, in ya bar maka nakasa kwamitin likitoci ya auna a baka diyya dunƙule, in rasuwa ce a bawa iyali. Haɗarin mota akan hanyarka ta zuwa aiki ko dawowa masauki shima raunin aiki ne.

Maganar horo kuwa, a gaskiya abinda doka ta tilasta wa kamfanoni na horar da ma'aikata 'yan ƙasa aka nufa da shi, ana so ne su gaji kujerun da baƙi ke kai, kuma duk shekara ana ƙara sana'o'in da aka keɓe musu. Kai baƙo kai zaka nema wa kanka. Tun 2021 aka kawo jarabawar tantance sana'a ga masu aikin hannu irinsu wuta, famfo, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, walda, kanikanci, ana yin ta baki biyu, tambayoyi da kuma gwaji a aikace. Injiniya sai yayi rijista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya, likitoci da nas-nas kuma da hukumar ƙwararrun lafiya. Duk wani kwas na kariya da aka yi muku a wurin gini, na hawa sama ko na kashe gobara ko na taimakon farko, karɓi takardar ka adana, ita ce zata raba ka da lebura ranar da kake neman wani wurin.

Ana ta cewa an soke kafala, wato tsarin da ke ɗaure ma'aikaci da kafilinsa. An sassauta dai. Tun 14 ga Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kamfanin ba tare da yardar na farko ba in aƙad ɗinsa ya ƙare, ko in ya cika shekara ɗaya da shigowa bisa sharuɗɗan sanarwa, kuma yana iya neman bizar fita da dawowa ko huruj niha'i, wato fita gaba ɗaya, da kansa ta Absher. Akwai kuma halin da zaka tafi ko shekarar bata cika ba: in an yi wata uku a jere ba'a biya ka ba, in ba'a yi maka aƙad a Qiwa ba cikin wata uku da shigowarka, ko igama ko izinin aikinka ya mutu basu sabunta ba. Sabon kamfanin ne zai turo buƙata ta Qiwa kai ka amince.

Abinda bazaka yi ba, komai zafin da zuciyarka tayi, shine ka ɗauki jaka ka gudu Karantina a Jidda ko Sharar Mansur a Makka wurin 'yan uwa. Na fahimci dalilin, mutum wata huɗu ba albashi ga iyali a gida suna kira, amma da ka ɓace ka bawa kafili wuƙa da nama. Sashe na 80 ya bashi dama ya kore ka babu sallama in kayi fashin fiye da kwana 15 a jere ko fiye da 30 a warwatse cikin shekara ba dalili, bayan yayi maka gargaɗi a rubuce. Kuma zai saka ka a kwamfuta cewa ka daina zuwa aiki, abinda muke kira hurub. Tun Oktoban 2022 tsarin ya ɗan canza, in an saka maka wannan kana da kwana 60 ka koma wani kamfani ko kayi huruj, in suka wuce baka yi komai ba ka zama mai laifi, sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za'a mayar gida. Saboda haka ka riƙa leƙa matsayinka a Qiwa lokaci lokaci musamman in kun samu saɓani da mudir. Shi kuma sashe na 81 naka ne, ya baka dama ka bar aiki ba sanarwa kuma haƙƙinka na nan cikakke in mai aiki ya kasa cika manyan alƙawuran aƙad, ko ya yaudare ka tun farko, ko ya sa ka aikin da ya sha bamban da wanda kuka yi yarjejeniya, ko ya doke ka ko wulaƙanci mai tsanani, ko akwai haɗari babba a wurin ya sani ya ƙi gyarawa. Amma kafin ka dogara da shi shigar da ƙara tukuna, hukuma ta san inda kake da dalilinka.

Shigar da ƙarar ba wuya kuma ba'a biyan kuɗi. Ta shafin ma'aikatar ƙwadago zaka shiga wurin sulhu, taswiya wuddiyya, ka cika bayaninka ka loda aƙad da bayanin banki da hotunan saƙonni, ka rubuta abinda kake nema dalla dalla da adadi, albashin wata kaza riyal kaza, idafi awa kaza, kuɗin hutu, kuɗin sallama, kar ka rubuta ina neman haƙƙina kawai. Za'a turo maka ranar zama ta saƙo, yawanci ta waya ko bidiyo ake yi, kuma kar ka kuskura ka ƙi halarta don in mai ƙara bai zo ba ajiye fayil ɗin ake yi. Ana bada kwanakin aiki 21 a sasanta, in an daidaita a rubuta takarda wadda ake iya tilasta ta kamar hukunci, in ba'a daidaita ba sai kotun ma'aikata ta Najiz, shafin ma'aikatar shari'a. In baka jin Larabci faɗa musu kana buƙatar tafinta. Kuma akwai wa'adi, wata 12 daga ranar da aiki ya ƙare tsakaninku, in ka wuce kotu bazata saurare ka ba sai da uzuri mai ƙarfi ko shi mai aikin ya amsa da bakinsa.

'Yan uwa mata masu aikin gida, da direbobin gida da masu gadi na gida, duk wannan na Qiwa ba naku bane, ku naku tsarin daban ne kuma ta shafin Musaned yake. A ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2024 aiki baya wuce awa 10 a rana, akwai hutun kwana ɗaya a sati da albashi, hutun wata ɗaya bayan shekara biyu in za'a sabunta, jinyar kwana 30 rabinsu da cikakken albashi rabi da rabin albashi, da ladan wata guda in kin cika shekara huɗu a jere. Albashin ma yanzu ta banki ko asusun waya ake so a biya. Hajiya ki riƙe fasfonki da wayarki, ki haddace lambar mutum ɗaya a waje wanda kika yarda da shi, in abu ya ɓaci 19911 ko ofishin jakadancin ƙasarki, na Najeriya yana Riyad ƙaramin kuma yana Jidda. Wanda kuma ya shigo da bizar Umara ko ta ziyara ya zauna yana aiki, Allah ya kawo mafita, amma duk hanyoyin da na lissafa da lambar igama ake buɗe su.

Kuɗin sallama, mukafa'a, shine inda ake yawan tafka asara don rashin lissafi. Rabin albashin wata akan kowace shekara a shekaru biyar na farko, cikakken albashin wata akan kowace shekara bayan nan, da albashinka na ƙarshe ake lissafi har da alawus ɗin da kake karɓa duk wata ba asalin kaɗai ba, watannin da suka ɗaura ma ana basu kasonsu. Mai riyal 2,000 da yayi shekara bakwai: biyar na farko 5,000, biyun baya 4,000, jimla 9,000. Wannan in aƙad ya ƙare ne ko su suka sallame ka. Amma in kai ka ajiye aiki da kanka, ƙasa da shekara biyu baka da komai, daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, sama da biyar zuwa ƙasa da goma kashi biyu cikin uku, goma zuwa sama duka. Wato mutumin nan mai 9,000 in ya rubuta istiƙala, wato takardar ajiye aiki, 6,000 zai karɓa. Toh dabarar itace in kana son tafiya kuma saura 'yan watanni aƙad ya ƙare, kayi haƙuri ka ƙarasa, ka tura musu sanarwar rashin sabuntawa ta Qiwa cikin kwanakin da aƙad ya faɗa tun kafin ya sabunta kansa, wannan ba ajiye aiki bane kuma kuɗinka cikakke ne. In kuma su suke son rabuwa da kai suka ce rubuto istiƙala don fayil ɗinka yayi kyau, ka gane inda aka dosa. Wanda aka kora ba dalili kafin wa'adi yana da diyyar sauran watannin aƙad in ba'a rubuta wani adadi daban a ciki ba, kuma bata gaza albashin wata biyu.

In su suka kawo ƙarshen aikin suna da sati ɗaya su biya ka komai, in kai ne sati biyu. Za'a kawo maka takardar mukhalasa wadda ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka baka bin su komai, kar ka sa hannu ko dangwale sai ka ga alat ya shigo kuma adadin yayi daidai da lissafinka, maganar sa hannu yanzu a tura maka in ka sauka Kano kar ka saurare ta. Karɓi takardar shaidar aiki, kyauta ce doka ta wajabta musu, da duk wata takardar makaranta da ka basu ajiya. Kafin a buga huruj ka biya tarar hanya in akwai, motar da ke sunanka ka sayar ko ka mayar da ita sunan wani, ka rufe layukan da ke kan igamarka. Bizar huruj bata wuce kwana 60, in kuma ƙararka bata ƙare ba kuma dole ka tafi, kayi wa wani amintacce ko lauya wakala, wato takardar wakilci, ta Najiz tun kana cikin ƙasar Absher ɗinka na aiki, don daga gida yin ta sai an bi ta ofishin jakadanci.